Ashe Lumumba Tsaran Shagari Ne

Ɗan ƙanwata ya zo hutu daga jami'a. Muna zaune a zaure bayan la'asar sai wayarsa ta yi haske, na hango hoton da ya ɗora a fuskarta: wani siririn mutum mai tabarau da ɗan gemu a haɓa. Na san mai hoton sarai, amma na tambaye shi. Ya ce, "Kawu, Lumumba ke nan. Da Turawa sun bar mana irin waɗannan, da yanzu Afirka ba ta miƙa wa kowa ƙoƙon bara." Ya shiga jero su, Lumumba, Fanon, Malcolm X, Sankara. Na ce a namu na gida fa? Ya ce Murtala. Na ce Shagari fa? Yaron nan ya tuntsire da dariya. "Haba Kawu! Wannan tsohon? Ai a zamaninsa ban da cin shinkafa me aka yi?"

Na bari ya gama dariyarsa, sannan na gaya masa tsohon da yake faɗi da wata huɗu da mako guda kacal ya girmi saurayin da ke wayarsa. Bai yarda ba sai da ya duba da kansa. Ban ga laifinsa ba. Shagarin da ya sani shi ne dattijon da yake gani a talabijin yana takawa da kyar in an tara tsofaffin shugabanni a Abuja. Lumumba kuwa hoto ya tsayar da shi a shekara 35, ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba.

Shekarar ita ce 1925, shekarar da Yariman Ingila ya zo Kano aka yi masa hawan daba, Sarki Usman yana kan gadon Dabo, Tambari yana Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ran 25 ga Fabrairu aka haifi Shehu a gidan Magajin Shagari. Ran 19 ga Mayu aka haifi Malcolm a Omaha ta Amurka. Watan Yuli shi kaɗai ya zo da uku: Lumumba ran 2 a ƙauyen Onalua na ƙasar Kwango, Mahathir ran 10 a Alor Setar da ke Malesiya ta yau, Fanon ran 20 a tsibirin Martinique. A Oktoba wani mai kantin kayan masarufi a garin Grantham na Ingila ya samu 'ya mace, wadda duniya ta sani daga baya da Margaret Thatcher. Da a unguwa ɗaya aka haife su, da malami guda zai ɗora musu alo. Uku daga cikinsu ba su kai shekara 40 ba. Thatcher ta yi 87, Shagari ya yi 93, Mahathir kuwa ya ga cikarsa 100 a 2025.

Abin da ya dame ni a maganar yaron, kuma ina jin irinta a bakin manya masu digiri, shi ne mudu biyu ake awo da su. Wanda ya mutu da wuri, da abin da ya ce zai yi ake auna shi. Wanda ya daɗe, da abin da ya yi. Mudun alkawari kuwa kullum a cike yake har yana zuba. Bahaushe yana cewa mutuwa mai tonon asiri, amma a fagen siyasa na fi ganin ta tana rufa shi. Amaryar da ta rasu a makon farko ba ta taɓa ƙona tuwo ba, kuma duk wadda ta shigo bayanta sai an yi mata gori da ita.

Bari in fara da mai hoton. Patrice Lumumba akawun gidan waya ne a Stanleyville, garin da ake kira Kisangani yanzu. A 1956 an ɗaure shi bisa taɓa kuɗin gidan wayar, da ya fito ya kama aikin tallar giya a Leopoldville, wato Kinshasa ta yau, kuma a mashayun birnin ya goge bakinsa da magana. A 1958 ya kafa jam'iyyar MNC tare da abokansa, a watan Disamba ya tafi taron al'ummar Afirka da Nkrumah ya kira a Accra, ya dawo wani mutum daban. Ran 30 ga Yuni 1960, ranar da Kwango ta samu 'yanci, a gaban Sarki Baudouin na Beljiyam wanda ya gama yabon Sarki Leopold na Biyu, Lumumba, sabon firayim minista, ya miƙe ba tare da an sa shi cikin jerin masu magana ba, ya tuna wa Turawa bulala da aikin tilas da zagin da baƙar fata ya sha safe da rana da dare. Jawabin nan ya cancanci duk yabon da ake yi masa. Ba kowa ke iya faɗa wa mai gida haka a ranar da yake miƙa makulli ba.

Sai dai a duba abin da aka miƙa masa. Ƙasa ce da ta ninka Nijeriya fiye da sau biyu a faɗi, masu digirinta ba su kai 30 ba, kuma a rundunar sojanta babu hafsa baƙi ko ɗaya. Kwana biyar da samun 'yanci soja suka yi bore. Ran 11 ga Yuli Tshombe ya ɓalle da Katanga, lardin tagulla, Beljiyam tana bayansa. Lumumba ya kira Majalisar Ɗinkin Duniya, ta turo dakaru, ciki daga baya har da sojojin Nijeriya, amma ta ƙi yi masa yaƙin Katanga. Ya juya wajen Tarayyar Sobiyat, Amurka ta sa masa kahon zuƙa. Ran 5 ga Satumba Shugaba Kasavubu ya ce ya sauke shi. Daga ranar 'yanci zuwa ranar nan kwana 67 ne. Ran 14 ga watan Mobutu ya karɓi iko, mutumin da Lumumba da kansa ya ɗauko daga sakatarensa ya ɗora shi a kan soja. Ran 17 ga Janairu 1961 aka harbe shi a dajin Katanga tare da abokan siyasarsa Mpolo da Okito, hafsoshin Beljiyam suna tsaye a wurin, aka narkar da gawarwakin da ruwan batir. Haƙori ɗaya ya rage, sai a 2022 Beljiyam ta mayar wa iyalinsa.

Zalunci ne tsagwaronsa, ba mai hankalin da zai yi masa kwaskwarima. Amma cikin kwana 67 ɗin nan akwai wani abu da masu sa hotonsa a waya ba su cika ambata ba. A watan Agusta ya tura soja su murƙushe ɓallewar Kasai ta Kudu, sojojin suka afka wa farar hula 'yan ƙabilar Luba a Bakwanga da kewayenta, suka yi musu kisan kiyashi. Wannan ya faru a wata na biyu na gwamnatinsa. Ban ce shi ya ce a kashe su ba. Abin da nake nufi shi ne mulki ya riga ya fara shafa masa baƙin tukunyarsa, sai harsashi ya katse lissafin.

Fanon bai taɓa riƙe ko ƙaramar hukuma ba. Likitan ƙwaƙwalwa ne da ya yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu har ya ji rauni aka ba shi lambar yabo, ya yi karatu a Lyon, aka tura shi asibitin Blida a Aljeriya a 1953. A can ya riƙa duba waɗanda aka azabtar da kuma 'yan sandan da suka azabtar da su, har abin ya fi ƙarfinsa ya ajiye aiki a 1956 ya bi 'yan gwagwarmayar FLN, masu yaƙin ƙwato Aljeriya daga hannun Faransa. Ya zama jakadansu a Gana a 1960. Sankarar jini ta kashe shi a wani asibiti kusa da Washington ran 6 ga Disamba 1961, wata bakwai kafin Aljeriya ta samu 'yanci. A littafinsa na ƙarshe ya hango mana halinmu tun daga nesa: ya ce 'yan bokon da za su gaji Bature ba masu ƙera komai ba ne, dillalai ne, za su zauna tsakanin kamfanonin waje da talakawansu suna karɓar la'ada. Duk wanda ya karanta wannan babin ya dubi Abuja ko Yamai sai ya girgiza kai. Amma ko shi, da ransa, ya ɗanɗani abin da ke cikin tukunyar juyin juya hali. Abokinsa Abane Ramdane, 'yan uwansa na FLN ne suka kashe shi a Maroko a ƙarshen 1957, jaridar ƙungiyar, wadda Fanon ke cikin marubutanta, ta buga cewa a fagen daga ya faɗi. Da Fanon ya kai 1965 ya ga Boumediene ya kifar da Ben Bella, shugaban Aljeriya na farko, da ko dai ya yi shiru, ko ya yi gudun hijira, ko ya shiga kurkuku. Mutuwa ta ɗauke masa wannan zaɓin.

Malcolm shi ne ya fi ba ni hujja, don rayuwarsa ta nuna yadda ranar mutuwa ke yanke wa mutum suna. Da ya mutu a 1946, shekarar da aka ɗaure shi, da ɓarawo mai fasa gidaje aka binne, ba wanda zai tuna da shi. Da ya mutu a 1963, da an binne kakakin wata ƙungiya mai kiran kanta ta Musulunci alhali tana cewa Elijah Muhammad manzo ne, farar fata kuma shaiɗanu ne tun daga halitta, aƙidar da ko almajirin da ke Izu ɗaya a Zariya zai gaya maka ba ta hanya ba ce. Malcolm ɗin da muke ƙauna, Alhaji Malik, wanda ya yi aikin Hajji ya ci abinci a kwano ɗaya da Musulmi farare ya dawo ya ce ya yi kuskure, wanda ya tsaya a Jami'ar Ibadan ɗalibai Musulmi suka raɗa masa Omowale, wato ɗa ya dawo gida, wannan Malcolm ɗin bai cika shekara guda a duniya ba. Ya bar ƙungiyar a Maris 1964, aka harbe shi a New York ran 21 ga Fabrairu 1965. Mutumin da ya sake fata sau uku kafin ya kai 40, wa zai rantse a kan abin da zai zama a 60? Yana iya ƙara gyaruwa, kuma ni haka nake kyautata masa zato. Amma zato ne.

Ga wani ɗan 1925 da ba na jin akwai mai sa hotonsa a waya. Yawancin littattafai ma ranar haihuwa ɗaya suke ba shi da Malcolm. Ɗan manomi mai rufin asiri ne a Kambodiya, ya samu tallafin karatu zuwa Paris, ya dawo ya zama malamin makaranta mai sanyin murya da ɗalibai ke so, sannan ya shiga daji yana yaƙi da gwamnatin da Amurka ke goya wa baya, jiragen Amurka suna yi wa ƙauyukan ƙasarsa ruwan bama-bamai. A ce bam ɗaya ya same shi a 1973. Da yanzu sunansa yana jerin shahidan yaƙi da mulkin mallaka, da ɗan ƙanwata ya karanto mini shi a zaure. Bam bai same shi ba. Ya shiga Phnom Penh a Afrilu 1975, ya kwashe mutanen birane ya kora su gona, ya soke kuɗi, ya rufe masallatai da wuraren bauta, ya tilasta wa Musulmin Cham cin naman alade. Kafin sojan Vietnam su kore shi a Janairu 1979, tsakanin mutum miliyan 1 da rabi zuwa miliyan 2 sun mutu, kusan ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasar. Pol Pot ke nan.

Na san abin da za a ce, kuma yaron ya faɗa mini shi a take: "Kawu, ai don sun bambanta da sauran aka kashe su. Da irin su Mobutu ne da an bar su." Akwai gaskiya a nan, ba kaɗan ba. Hukumar leƙen asirin Amurka har guba ta aika Kwango don Lumumba, ba ta aika wa Tshombe ba. Ba a jifan bishiyar da ba ta da 'ya'ya. Amma kisan yana nuna wanda maƙiya suka ji tsoro ne kawai, ba ya nuna yadda mutum zai riƙe baitulmali shekara goma, ko abin da zai yi wa ɗan jaridar da ya zage shi. In ana son a yi kirdado na gaskiya, a dubi abokan tafiyarsa da Allah ya ja kwanansu. Nkrumah, ubangidansa, ya yi dokar tsare mutum ba shari'a tun 1958, ya mayar da Gana ƙasar jam'iyya ɗaya a 1964, ɗan adawa J. B. Danquah ya mutu a kurkukunsa. Sékou Touré na Gini, gwarzon da ya ce wa shugaban Faransa De Gaulle a'a, shi ne mai sansanin Boiro inda aka bar Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ba ci ba sha har ya mutu a 1977. Akwai kuma Nyerere na Tanzaniya da ya sauka da ƙafarsa a 1985 ya koma ƙauyensu. Lumumba yana iya zama kowanne daga cikin ukun nan.

Yanzu ga namu. Shehu Shagari maraya ne tun yana ƙarami. Ya yi elementare a Yabo, midil a Sakkwato, ya tafi Kwalejin Kaduna, ya dawo yana koyar da kimiyya a midil ɗin da ya fito, ya yi hedimasta a Argungu. Ya tsara labarin ƙasa a waƙe da Hausa don yara su haddace garuruwa da kogunan Nijeriya. A 1954 ya shiga majalisar tarayya a Legas. A shekarar da Lumumba ya zama firayim minista, Shagari minista ne a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, yana da shekara 35 shi ma. Wato lokacin da yaron nan ke tunanin akwai samari masu zafin jini a can, tsofaffi masu sanyin jiki a nan, duk sa'o'in juna ne. Ya riƙe ma'aikatar cikin gida, ya riƙe ta ayyuka, aka kashe Sardauna da Ɓalewa a Janairu 1966 ya koma gida. Gowon ya dawo da shi, ya gaji Awolowo a ma'aikatar kuɗi a 1971. Sanata ya so zama a 1979, jam'iyyar NPN ta tura shi gaba.

Ba zan wanke shi ba, don ba zai wanku duka ba. A Janairu 1980 gwamnatinsa ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, ta tsallaka da shi iyaka ta ce ɗan Chadi ne, sai kotu ce ta dawo da shi. A Afrilun shekarar 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta, mutanen da madatsar ruwa ta cinye wa gonaki suna neman diyya, a jiharsa ta haihuwa. A Disamba rikicin Maitatsine ya ci dubban rayuka a Kano kafin a turo soja. 'Yan jam'iyyarsa suka tsige Balarabe Musa a Kaduna a 1981. Ya yi shelar juyin noma, sai ga shi lasisin shigo da shinkafa ya zama hanyar kuɗancewar 'yan siyasa, wanda shi ne abin da ya rage a kunnen ɗan ƙanwata. A Janairu 1983 aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutum wajen miliyan 2 suka yi cincirindo a kan iyakoki, akasarinsu 'yan Gana, da 'yan Nijar da Chadi, ciki har da Hausawan zango da ba su taɓa ɗaukar kansu baƙi a Kano ko Legas ba. Zaɓen 1983 kuwa an tafka maguɗi. Babban laifinsa a wurina shi ne kunya. Mutum ne da ba ya iya kallon idon na kusa da shi ya ce masa ajiye. Makiyayin da bai ci tunkiya ba amma ya bar kura ta shiga garke, mai dabbobi ba zai ce masa sannu ba.

To amma a zuba sauran a mudun. Shekara tara da gama yaƙin basasa ya tsaya takara da Alex Ekwueme, Inyamuri, a matsayin mataimaki, ya yafe wa Gowon, ya yafe wa Ojukwu ya dawo gida a 1982. A zamaninsa aka kafa jami'o'in fasaha na tarayya a Bauchi da Yola da Minna da Makurdi da Owerri da Akure. Shi ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 125 a 1981. Ya tura aikin Ajaokuta gaba, aka gina masana'antun mulmula ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo, ya matsa wa aikin Abuja har ya yi bikin 'yanci na 1982 a can. Gidajen da ya gina har yau sunansa suke amsawa a garuruwa da yawa, mutane suna haihuwa suna aurarwa a ciki. Duk wannan a lokacin da man da Nijeriya ke haƙowa ya faɗo daga sama da ganga miliyan 2 a rana a 1980 zuwa ƙasa da miliyan 1 da rabi a 1983, farashi ma yana sauka. Jaridu suna zaginsa kullum, gwamnonin adawa suna yi masa tsaurin ido, Aminu Kano da Awolowo da Azikiwe da Waziri Ibrahim suna yawonsu suna sukarsa. Da soja suka kifar da shi ran 31 ga Disamba 1983 suka tsare shi har 1986, kwamitin da suka kafa da kansu bai same shi da satar kuɗin gwamnati ba. Ya koma gida ya zauna shekara 30 da ɗoriya, bai kitsa wa kowa juyin mulki ba, ya rasu ran 28 ga Disamba 2018 aka binne shi a Shagari.

Wannan lissafi ne mai riba da faɗuwa, ana iya zama a yi gardama a kansa har asuba, kuma gardamar tana da amfani don akwai abin kamawa. Za ka iya tambaya me ya sa juyin noma ya ƙare a shinkafar Thailand, wa ya ba da umarni a Bakolori, ina kuɗin mai suka shiga. Amsoshin nan za su yi wa mai jefa ƙuri'a a yau aiki. Lissafin Lumumba shafi ɗaya ne da rabi, sauran littafin fari fat, kowa yana rubuta abin da ransa ke so a ciki. Ɗan gurguzu ya rubuta gurguzu, mai kishin Afirka ya rubuta haɗin kai, ɗan ƙanwata ya rubuta Afirkar da ba ta bara.

Mahathir ya hau mulkin Malesiya a 1981, Shagari yana shekara ta biyu a kan kujera. Shi ne wanda 'yan bokonmu ke yi mana gori da shi, kuma da dalili: likita ne da ya karɓi ƙasar roba da kuza ya bar ta tana ƙera mota da kayan lantarki, a rikicin kuɗi na 1998 ya ƙi bin maganin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, ya toshe fitar kuɗi, ƙasar ta farfaɗo. Shi ɗin ne kuma ya tsare mutum sama da 100 ba shari'a a 1987, ya sa aka tuɓe babban alƙalin ƙasar a 1988, ya kori mataimakinsa Anwar Ibrahim a 1998 aka ɗaure shi. Ya sauka a 2003, ya dawo a 2018 yana da shekara 92, ya yi murabus a 2020, a 2022 ya sake tsayawa takarar majalisa a Langkawi ya sha kayen da ko kuɗin ajiyarsa bai ceto ba. Da ya mutu a 1986 da ba a san muguntarsa ba, da kuma ba a san iyawarsa ba. Thatcher ba sai na tsaya a kanta ba. Ta zo Kano a Janairu 1988 aka yi mata hawan daba, masu zanga-zanga suna yi mata ihu saboda ta ƙi a ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi. Ta yi mulki shekara 11, kuma har yau a Ingila akwai garuruwan masu haƙar kwal da ba a ambaton sunanta da alheri, akwai kuma masu ganin ita ta ceci ƙasar. Sun san abin da suke faɗa a kai.

Mu ma muna da namu Lumumban. Murtala ya yi kwana wajen 200, kuma na taso na tarar ana ba da labarinsa kamar na waliyyi. Ina ƙaunarsa, jawabinsa na Addis Ababa a kan Angola har yau yana tayar mini da tsigar jiki. Amma korar ma'aikata sama da 10,000 da aka yi a watannin nan, da yawa ba tare da an saurare su ba, ita ce ta koya wa ma'aikacin gwamnati cewa kujerarsa ba tabbas, gara ya tara abin da zai tara tun da wuri. Da ya yi shekara takwas, da shi za a tuhuma da wannan. Sojojin Dimka suka harbe shi ran 13 ga Fabrairu 1976, sai tuhumar ta rasa mai amsa ta.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya sa mai sa hoto a waya ya yi tsam. Masu mulki ba sa tsoron gwarzon da ya mutu, son sa ma suke yi, don ba ya tsayawa takara, ba ya kiran taron manema labarai. A 1966, shekara biyar da kisan, wanda ya tsaya a Kinshasa ya ayyana Lumumba gwarzon ƙasa, ya sa wa babban titi sunansa, Mobutu ne, mutumin da sojojinsa suka kamo shi suka ɗaure shi kamar akuya a bayan mota. Ya ci gaba da mulki da sunan mamacin a bakinsa har 1997. Compaoré ma ya sa Sankara cikin jerin gwarazan Burkina Faso yana zaune a kan kujerar da ya kashe shi ya hau. Duk saurayin da ya gamsu cewa nagari sun riga sun mutu, na raye duk ɗaya ne, ya sauƙaƙa wa irin waɗannan aiki, don ba zai ɓata lokacinsa yana bin diddigin kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsu ba.

Mun tashi da aka kira magariba. A hanyar masallaci na tuna masa cewa gidan da uwarsa ta haife shi, wanda yake rubutawa a takardun makaranta a matsayin adireshinsa, yana cikin gidajen Shagari. Ya ce ya sani, bai dai taɓa haɗa sunan unguwar da mutumin ba. Bai cire hoton Lumumba ba, ni ma ban ce ya cire ba. Bayan isha'i ya leƙo ɗakina ya ce, "Kawu, wai Bakolorin nan a ina take, kuma su wa aka hukunta?" Na ce masa tana kusa da Talatar Mafara, a Zamfara ta yanzu, tambaya ta biyu kuma ya tafi da ita makaranta ya yi wa malamansa.